Zaɓen Hatsin Tsiro a Ƙasar Banga da Kewayenta

Abin da nake nufi da tsiro a nan shi ne hatsin da aka jiƙa, aka bar shi ya fito da saiwa da ɗan kai, sa'an nan aka shanya shi ya bushe. Sana'a ce ta mata, kuma tsohuwa ce a ƙasar Banga, da Ƙauran Namoda, da Zurmi, da Shinkafi. A da, abu biyu ake yi da shi: kunun zaƙi a gidajen Musulmi, burkutu kuma a wajen Maguzawa da baƙin da jirgin ƙasa ya kawo bayan layin dogo ya iso Ƙaura a 1929. Shari'ar da aka ƙaddamar a Gusau a watan Oktoba na 1999 ta haramta giya a Jihar Zamfara, saboda haka na ambaci burkutu ne don tarihi kawai. Amma ilmin tsiro ɗaya ne ga duka biyun.

Dalilin tsirar da hatsi shi ne zaƙi. Ƙwayar dawa cike take da sitaci, wanda ba ya da zaƙi a baki. Idan ta sha ruwa ta fara tsirowa, sai ta samar da wasu sinadarai masu narkar da sitacin su mai da shi sukari domin ciyar da ɗan tsiron. Mai kunu tana katse wannan aiki da zafin rana bayan kwana 3 zuwa 5, ta adana sinadaran don amfanin kanta.

Dawa ce uwar tsiro a wannan yanki. Farafara tana ba da kunu mai haske, marar ɗaci. Ƙaura, mai ruwan ɗorawa, ƙwayarta ta fi girma, kuma kununta yakan ɗauki launinta. Jar dawa kuwa ita masu burkutu suka fi nema saboda launi. Gero yana saurin tsirowa don ƙanƙantar ƙwayarsa, amma wannan ƙanƙantar ce ke sa shi saurin fumfuna idan ruwa ya yi yawa. Akwai kuma tsiron shinkafa 'yar shanshera, wanda ba abin mamaki ba ne a ƙasar da ke da fadamun Gagare da Bunsuru. Kaɗan ake zubawa cikin ƙullun gero ko dawa, ya zaƙaƙa tukunya. A ganina wannan haɗi ya fi dogaro da tsiron dawa zalla, domin dawa ba ta da yawan ɗaya daga cikin sinadaran nan idan aka gwada ta da sha'ir, wanda Turawa ke tsirarwa.

Malaman makaranta za su iya nuna wa ɗalibai hikimar raba ƙullu gida biyu. Sitacin dawa ba ya narkewa sai ya dahu sosai, su kuma sinadaran tsiro tafasasshen ruwa kashe su yake yi. Don haka ake dama kashi ɗaya da ruwan zafi, a bari ya huce, kana a zuba ɗanyen kashin mai tsiro, a rufe ya kwana. Wadda ta yi gaggawar haɗawa da zafi za ta wayi gari da kunu mai kauri, salam, dole ta nemi sukarin kanti. Wannan dabara ce kuma ke sa cokali ɗaya na garin tsiro ya tsinka kunu mai kauri, har yaron da ake yayewa ya iya sha ba tare da an cika shi da ruwa ba.

Wurin saye a kasuwa ake yin babban kuskure. Hatsin da ƙwari suka huda, ko wanda ya daɗe a rumbu, rabinsa ba ya tsirowa, kuma wanda bai tsira ba ruɓewa yake yi cikin sauran. Gwajinsa mai sauƙi ne: a ƙirga ƙwaya 100, a nannaɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, a duba bayan kwana 3. Irin shuka da aka cuɗa da magani ba abinci ba ne, ko an wanke shi.

Abin da na fi son dattawa su jaddada wa matasa shi ne batun saiwa da kan tsiron dawa. Suna ɗauke da guba irin ta rogo mai ɗaci, ita ce kuma ke kashe shanu idan suka ci ƙaramar dawa ko gyauro, kamar yadda kowane makiyayi ya sani. Shanya kaɗai ba ta kawar da ita. Sai an murje busasshen tsiron, an sheƙe saiwar da kan, kafin a kai niƙa.

Kamfanoni ma sun zo kan wannan ilmi. Da gwamnatin tarayya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, masu yin Maltina da makamantansu sun koma ga dawa. Cikin irin da suka fi saye har da SK5912, wato gajeriyar ƙaura wadda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar wa manoma.