Ƙaramin Marfi Mai Kare Injin Mota

Ɗalibai, ko kun taɓa ganin ruwa yana ɗiga daga jikin injin mota? Wani lokaci ƙaramin marfi ne ya huje.

Idan za a ƙera gangar injin, akan zuba narkakken ƙarfe a cikin mazubin yashi. Akan bar ƙofofi a gefe don a fitar da yashin, sannan a toshe su da marafan ƙarfe masu kama da na kwalba. A ƙasashe masu tsananin sanyi, ruwan injin yakan daskare ya kumbura, har ya turo marfin waje. A Nijeriya kuwa, tsatsa ce ke cinye shi, musamman idan ana zuba ruwa zalla a lagireto ba tare da maganin tsatsa ba.

Ga yadda makanike yake sauya shi. Da farko zai bari injin ya huce, ya tsiyaye ruwan. Sai ya buga gefen marfin da guduma har ya karkace, ya zaro shi da filaya. Daga nan ya goge ƙofar tas, ya shafa gam, ya buga sabon marfi daidai.

Motar da ke bin hanyoyin karkara ta fi bukatar kulawa, domin ƙura tana toshe matatar iska, taɓo kuma yana like lagireto. Idan ruwa ya ƙare a daji, injin zai yi zafi ya lalace. Saboda haka, a duba ruwa da baƙin mai kafin a tashi. Rigakafi ya fi magani.