Takardar Gwajin Maniyyi da Iyakar Shaidarta

A ƙauyukan bakin iyaka irin su Gangara ta ƙasar Jibiya, inda mutum yake da dangi a Katsina yana da wasu a Maraɗi, in aure ya shekara biyu ko uku amarya ba ta yi ɓatan wata ba, ita ake fara kira juya, ita ke shan jiƙe-jiƙe da rubutu, har ta kai a yi mata kishiya, alhali kuwa likitoci sun tabbatar cewa a kusan rabin irin waɗannan gidaje namiji yana da nasa kaso a cikin lalurar. Saboda haka magidancin da ya daure ya tafi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina domin a auna maniyyinsa ya cancanci yabo. Sai dai wajibi ne a fahimtar da shi iyakar shaidar takardar da zai komo da ita, domin wani yakan riƙe ta hujjar wanke kansa, wani kuwa ya karanta ya fid da rai.

Bayan mutum ya ƙaurace wa iyali kwana biyu zuwa bakwai, sai ya kai ruwan ɗakin gwaji cikin sa'a guda, a ɗiga shi a kan gilashi ƙarƙashin madubin likita, a ƙidaya ƙwayoyin, a dubi motsinsu da surarsu. Mizanin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 shi ne ƙwaya miliyan 16 a kowace mililita, kashi 42 cikin ɗari masu motsi, kashi 4 masu kyakkyawar sura. Amma asalin wannan haddi shi ne abin lura: mazajen da matansu suka yi ciki cikin shekara guda aka auna, aka ja layi a inda biyar cikin ɗarinsu suka gaza kaiwa. Ashe ke nan ƙasa da layin ma akwai ubannin 'ya'ya. Binciken da Guzick da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 2001 ya ƙara fito da wannan shubuha, domin tsakanin miliyan 13.5 da miliyan 48 sun tarar da masu haihuwa da marasa haihuwa a cakuɗe, ba a iya yanke musu hukunci da ƙidaya kaɗai.

Ga kuma illar da ta fi shafar mutanenmu. Ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta nuna, zafin jiki kuwa yana ɓata ta, don haka manomin da zazzaɓin cizon sauro ya kayar da damina, in aka gwada shi da kaka, yana iya ganin adadi kaɗan wanda ba shi ne haƙiƙanin halinsa ba. Shi ya sa likita nagari yakan ce a sake gwaji bayan wata uku, ya tambayi tarihin hangum da ciwon sanyi da tsargiya, ya duba matar ita ma tare da la'akari da shekarunta. Ko da an ce ba a ga ƙwaya ko ɗaya ba, sai an maimaita gwajin, sa'an nan a bincika ko hanya ce ta toshe ko kuwa maraina ne ba sa yi.