Yau A Tarihi: 27 Ga Agusta, Ranar Da Daura Ba Ta Mantawa

Yau Laraba, 27 ga Agusta, 2025. Na san kun fi sabawa da labarin sabon fim ko waƙar da ta fito, amma yau mu ɗan waiwaya baya. Masu son waƙa kada ku gudu, akwai rabonku a ciki.

Abin da ya jawo rubutun nan, jiya da daddare ina zaune a shagon ɗinkin kawuna a nan Daura, an ɗauke wuta, ya ajiye almakashi ya dube ni ya ce, "Kai yaron nan, ka san gobe shekara 40 cif?" Na ce, "Da me fa Kawu?" Ya ce, "Da ranar da naman Sallah ya ƙi ciyuwa a garin nan." Wallahi sai da na ji kunya, don ban san ranar ba. Ina da tabbacin da yawa daga cikin sa'o'ina ma haka suke. Mun san ranar haihuwar kowane jarumi, amma ranar da ta girgiza garinmu ba mu riƙe ta ba.

1985: Juyin mulkin Babbar Sallah

Ranar Talata ce, 27 ga Agusta, 1985, ana cikin hidimar Babbar Sallah. A lokacin Daura tana ƙarƙashin Jihar Kaduna, don sai ranar 23 ga Satumba, 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Sarki Muhammadu Bashar ne a kan karaga. Shugaban ƙasa kuwa ɗan gari ne, Manjo Janar Muhammadu Buhari, wanda ya hau mulki bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ranar 31 ga Disamba, 1983.

Kawu ya ce da safe yana murɗa rediyo sai ya ji kiɗan badujala babu ƙaƙƙautawa. Mutanen wancan zamani sun san ma'anar wannan kiɗa, ba sai an yi musu fassara ba. Can sai ga muryar Birgediya Joshua Dogonyaro daga Legas yana sanar da cewa an sauke gwamnati. Daga baya Manjo Janar Sani Abacha ya yi nasa jawabin, aka bayyana Manjo Janar Ibrahim Badamasi Babangida, babban hafsan sojojin ƙasa, a matsayin sabon shugaba.

Me ya sa aka zaɓi wannan lokacin? Ai dabara ce. Hutun Sallah ne, hankalin kowa yana kan layya, sannan mataimakin Buhari, Manjo Janar Tunde Idiagbon, wanda ake shakka ƙwarai, ya tafi aikin Hajji. Wasu matasan hafsoshi masu muƙamin Manjo ne suka je Barikin Dodan da ke Legas suka kama Buhari, ba tare da an yi wani ɗauki-ba-daɗi ba. Wata 20 kacal ya yi a kan mulki.

Masu juyin mulkin sun ce gwamnatin ta cika tsauri, ba ta jin shawara, kuma tattalin arziki bai gyaru ba. Su kuma masoya Buhari har gobe cewa suke kwaɗayin mulki ne da tsoron bincike. Gaskiya dai wata 20 ɗin nan sun zo da abubuwa masu nauyi. An yi yaƙi da rashin ɗa'a, wato WAI, aka koya wa mutane bin layi ko da bulala. An yi canjin kuɗi a watan Afrilu na 1984, aka rufe iyakokin ƙasa. Mu nan masu zama a bakin iyaka mun fi kowa sanin wannan, don harkar Kwangwalam da kasuwar Mai'aduwa da Zango da Ɓaure duk da Nijar take tafiya. Ga kuma fari ya faɗo a daidai lokacin, har 'yan'uwanmu na Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar suna 'Yar Buhari. An kuma yi dokar soja mai lamba 4, wadda da ita aka ɗaure 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor. Ko mawaƙa ba su tsira ba: an kama Fela Kuti a filin jirgin saman Legas a 1984 kan batun kuɗin ƙasashen waje, aka yanke masa shekara 5, sai a watan Afrilu na 1986 gwamnatin Babangida ta sake shi.

Kun ga ke nan, ranar da wasu suka kasa cin nama a Daura, wasu a wani wurin murna suka yi. Haka tarihi yake, sai an ji ta bakin kowa.

An tsare Buhari a Akure, daga baya aka mai da shi Benin, ya shafe sama da shekara 3. Sai a watan Disamba na 1988 aka sake shi, bayan rasuwar mahaifiyarsa Hajiya Zulaihatu. Kawu ya ce wannan ya fi juyin mulkin kansa yi wa mutanen gari ciwo. Sauran labarin kun san shi: ya shugabanci PTF a zamanin Abacha, ya tsaya takara a 2003 da 2007 da 2011 bai samu ba, sai a 2015, lokacin da waƙoƙin Rarara suka cika kowane lungu. Shekara 30 tsakanin saukarsa da dawowarsa. Ya rasu a Landan ranar 13 ga Yuli na bana yana da shekara 82, aka binne shi a gidansa na Daura ranar 15 ga wata. Wannan ce 27 ga Agusta ta farko da ta zo ba ya duniya. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa kurakuransa.

1991: Ranar haihuwar maƙwabtanmu

Shekara 6 daidai bayan hawansa, a ranar 27 ga Agusta, 1991, Babangida ya ƙirƙiro sababbin jihohi 9, adadin jihohin Najeriya ya tashi daga 21 zuwa 30. A cikinsu akwai Jigawa da aka cire daga Kano, da Kebbi daga Sakkwato, da Yobe daga Borno, da Taraba daga tsohuwar Gongola, da Kogi. Wato in ka taso daga Daura za ka Kano, kana shiga ƙasar Kazaure ka shiga jihar da yau take cika shekara 34. Mutanen Dutse da Haɗeja da Gumel da Ringim, muna taya ku murna. Masu fafutukar Jihar Bayajidda kuma, sai a ci gaba da haƙuri.

1976: Ranar da muryar Raj Kapoor ta tafi

To masu son waƙa, ga naku. A shagon Kawu akwai wata tsohuwar jakar kaset da ba ya bari kowa ya taɓa. Rabin kaset ɗin na Shata ne, rabi na Indiya. A cikin na Indiyan, wanda ya fi so shi ne Mukesh, kuma shi ma a irin wannan rana ya mutu.

An haifi Mukesh a birnin Delhi a 1923. A 1976 ya tafi Amurka yin wasa tare da Lata Mangeshkar, sai ciwon zuciya ya kama shi a birnin Detroit, ya mutu ranar 27 ga Agusta yana da shekara 53. Ɗansa Nitin Mukesh ne ya taya Lata ƙarasa wasannin da suka rage. Jarumin nan Neil Nitin Mukesh da kuke gani a finafinan yanzu jikansa ne.

Da yawa ba su san fuskarsa ba, amma sun san muryarsa. Dalili shi ne aikinsa a bayan fage yake: shi zai rera waƙar a situdiyo, jarumi kuma ya hau kanta a fim yana motsa baki. Shi ne muryar Raj Kapoor a finafinai irin su Awaara na 1951, da Shree 420 na 1955, da Sangam na 1964, da Mera Naam Joker na 1970. Har an ruwaito cewa da Raj Kapoor ya ji labarin mutuwarsa, ya ce shi kam ya rasa muryarsa. A shekarar da ya mutu ɗin ma ya yi wa Amitabh Bachchan waƙa a fim ɗin Kabhi Kabhie.

Wannan tsarin ai shi ne namu na Kannywood. Iyayenmu sun kalli finafinan Indiya a silimu irin su Marhaba da Plaza a Kano, da aka fara finafinan Hausa sai aka ɗauko salon. Nura M. Inuwa ko Umar M. Shareef ko Fati Nijar su rera, jarumi da jaruma su yi mamin. Sau nawa ka ji an ce "waƙar wane ta yi daɗi" alhali jarumin ko baiti ɗaya bai rera ba? Don Allah in waƙar fim ta burge ku, ku riƙa neman sunan mai muryar. Haƙƙinsa ne.

Wani abin mamaki kuma, daraktan nan Hrishikesh Mukherjee, wanda ya shirya fim ɗin Anand na 1971 da Rajesh Khanna da Amitabh, fim ɗin da Mukesh ya yi waƙa a cikinsa, shi ma ranar 27 ga Agusta ya mutu, a 2006. Shekara 30 cif tsakaninsu.

Sauran abubuwan da suka faru

1883: Dutsen Krakatoa a ƙasar Indonesiya ta yanzu ya yi aman wuta, mutum sama da 36,000 suka mutu, galibinsu ta dalilin ambaliyar teku da ta biyo baya.

1896: An yi yaƙi mafi gajarta a tarihi tsakanin Ingila da Zanzibar. Khalid bin Barghash ya hau gadon sarauta ba da yardar Turawa ba, suka ba shi wa'adi zuwa ƙarfe 9 na safe, ya ƙi sauka, jiragen ruwansu suka buɗe wa fada wuta. Ba a cika minti 45 ba aka gama. Ko rabin fim ɗin Indiya bai kai ba, amma mutanensa kusan 500 ne aka kashe ko aka jikkata.

1963: W.E.B. Du Bois, masanin nan Baƙar fata ɗan Amurka da ya koma Ghana da zama, ya mutu a Accra yana da shekara 95.

1975: Sarkin Habasha Haile Selassie ya mutu a tsare, kusan shekara guda bayan sojoji sun tuɓe shi. Shi ne wanda 'yan Rasta irin su Bob Marley suke girmamawa. Sai a shekarar 2000 aka yi masa jana'izar girma a Addis Ababa. Ku kwatanta da namu: shi ma sojoji ne suka sauke shi suka tsare, amma bai fito da rai ba.

Waɗanda aka haifa a yau

1941: Cesaria Evora, mawaƙiyar tsibirin Kef Bade da take hawa dandamali ba takalmi. Sai da ta kusa shekara 50 sannan duniya ta san ta, ta kuma ci kyautar Grammy a 2004. Mawaƙanmu masu tasowa da suke ganin kamar sun makara, ku riƙe wannan.

1972: The Great Khali, ƙaton ɗan kokawar nan na Indiya.

1977: Deco, ɗan ƙwallon da aka haifa a Brazil ya buga wa Portugal, ya taka leda a Porto da Barcelona da Chelsea.

Kafin in tashi daga shagon jiya, na tambayi Kawu me suka yi bayan sun gama jin sanarwar. Ya ce kowa ya yi jugum, mata suka bar kaskon suya a kan wuta, maza suka taru a ƙofar gida ana ta salati. Da yamma da ya gaji da jin badujala da jawabai, sai ya kashe rediyon ya sa kaset ɗin Shata. Shi ma Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a 1923 kamar Mukesh, a nan Daura yake kwance tun 1999, garin ubangidansa Sarki Bashar da ya sha yi wa waƙa. Rediyon da Kawu ya ji juyin mulki da ita ta daɗe da lalacewa, amma kaset ɗin yana nan, jiya ma sai da ya nuna mini shi.

Shawarata ga matasa 'yan'uwana, musamman na Daura da Sandamu da Mai'aduwa da Zango da Ɓaure: yau ku samu wani dattijo a gida ku tambaye shi inda yake ranar 27 ga Agusta, 1985, da abin da ya gani. Ku ɗauki muryarsa a waya in ya yarda. Waɗanda suka ga ranar da idonsu kullum raguwa suke yi. Marubutanmu na Kannywood kuma, ga labari nan a ƙofar gida, ba sai an je Indiya aro ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun sake haɗuwa.