Masu Murɗa Ƙashin Baya: Ina Amfani, Ina Haɗari?

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya san zaman 'yan Arewa a Kurmi ya san da ƙarfi mafi yawansu suke ci. Wannan yana dakon buhun albasa a Mile 12, wancan yana sauke kaya a Apapa, wani yana turin kurar ruwa a Agege, wani kuma ya wuni a kan babur ko a sitiyarin tirela. Saboda haka ciwon baya ya zama kamar ɗan gida a cikinmu. To, yanzu ga wani magani da ake yawan gani a wayoyi, inda za a kwantar da mutum a danna masa baya ko a murɗa masa wuya, a ji ƙas! Turawa suna kiransa kairofiratik, watau aikin hannu da harshen Girka. Ya kamata mu san asalinsa tun kafin mu miƙa masa jikinmu.

Wani mutum ne mai suna Daniel David Palmer ya ƙago shi a garin Davenport na Jihar Iowa ta Amurka cikin shekarar 1895. Shi ba likita ba ne. Ya ce ya danna bayan wani mai sharar gini, Harvey Lillard, wanda ya daɗe ba ya ji sosai, sai kunnensa ya buɗe. Daga nan ya ɗauka cewa kashi 95 cikin ɗari na cututtuka gocewar ƙashin baya ke kawo su. Likitoci ba su yarda ba, don kuwa jijiyar ji ko kusa ba ta bi ta gadon baya. A 1906 har kurkuku aka jefa shi saboda yin magani ba lasisi. Duk da haka sana'ar ta bunƙasa, har ya zamana a 1974 babu jihar Amurka da ba ta ba masu ita lasisi. Ingila ta yi musu doka a 1994, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta fid da ƙa'idojin horonsu a 2005.

To, ina amfanin? Binciken da aka yi ta yi ya nuna cewa dannar ƙashin baya tana rage ciwon ƙugu da na gadon baya, amma fa gwargwado, kamar yadda tausa da gashi da motsa jiki suke ragewa. A 2017 wata babbar ƙungiyar likitocin Amurka ta sa shi cikin abubuwan da mai ciwon baya zai iya gwadawa kafin ya kai ga shan ƙwayoyi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan dako, domin yawan shan ƙwayoyin kashe ciwo yana ɓata ciki da ƙoda, irin su tiramol kuwa in sun kama mutum da wuya su sake shi. Sai dai a sani, yawancin ciwon baya na ɗaukar kaya yakan lafa da kansa cikin 'yan makonni, ko an danna ko ba a danna ba.

Ƙarar nan da ake ji kuwa, kada ta ruɗe ka. Iska ce ke motsi a cikin ruwan gaɓa, daidai da wadda kake ji in ka lanƙwasa yatsunka. Babu wani ƙashin da ya koma mazauninsa. Haka kuma ba a sami hujjar cewa murɗa baya yana warkar da asma, ko hawan jini, ko ciwon sukari, ko rashin haihuwa ba. Wanda ya ce maka zai yi, to, aljihunka yake wa kallo.

Babban haɗarin yana wuya. Ƙasusuwan wuya bakwai ne, akwai kuma jijiyoyin jini guda biyu da suke ratsa ramukan da ke gefensu suna kai jini ƙwaƙwalwa. In aka fizgi wuya da ƙarfi, bangon jijiyar yana iya tsagewa daga ciki, jini ya daskare, gudan ya tafi ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa, sai shanyewar ɓarin jiki. Abin bai cika faruwa ba, kuma masana suna gardama a kansa, don wasu da tsagewar suka zo, ita ce ma ta sa musu ciwon wuyan. Amma ya isa a ji tsoro, tun da a 2014 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce lalle a riƙa gaya wa mutum wannan kafin a taɓa wuyansa. In wanda ya yi shekaru a makaranta ana yi masa wannan kashedi, ina ga mai aski ko abokin kwana da ya koya daga kallon waya? Kada garin neman gira a rasa ido.

Akwai kuma waɗanda bai kamata a danna musu baya ba sam. Tarin fuka yakan shiga ƙashin baya ya cinye shi a hankali, kuma cutar tana da yawa a ƙasar nan, musamman inda mutum goma suke kwana a shago ɗaya. In aka danna irin wannan ƙashi yana iya ruftawa a kan laka, ƙafafu su mutu. Haka tsoho mai raunin ƙashi, da wanda ya faɗo daga babur ko mota, da mai ciwon daji.

Saboda haka, 'yan'uwa, ga alamun da in an gan su asibiti za a nufa ba wani wuri ba: ciwon baya tare da zazzaɓi ko rama ko gumin dare, ƙafa tana sanyi ko tana ja, fitsari ko bayan gida ya tsaya ko yana zuba ba da sani ba, ko ciwon da ya biyo bayan faɗuwa. Akwai asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, da na Inugu, ga kuma na Dala a Kano ga wanda ya koma gida. Masu ɗorinmu na gargajiya ma, masu tsoron Allah daga cikinsu sun san inda hannunsu ya tsaya.

In likita ya duba ya ce ciwon na gajiya ne, ba laifi a gwada. Amma a nemi ganin takardar karatun mai aikin da ta rajistarsa, a gaya masa ya bar wuya, kuma in an yi makonni huɗu zuwa shida ba sauƙi, a dakata. Kada a biya kuɗin wata da watanni a gaba. Wajen ɗaukar kaya kuwa, a durƙusa da gwiwa, a rungumo buhu kusa da jiki, wanda ya fi ƙarfin mutum ɗaya a kama masa. Ɗan ci-rani ba shi da jarin da ya wuce bayansa, ga iyali can gida suna jiran aike. Allah Ya ba mu lafiya, Ya mai da kowa gida da ƙafafunsa, amin.