Ajiyar Ruwa Da Kifi Sa'ad Da A Ke Gyaran Tanki

Tun da aka gama madatsar Kainji cikin 1968, ruwan Kwara ya taru ya zama tafki mai tsawon kilomita fiye da 130, har ya ci gungu da ƙauyuka, aka sāke wa mutum fiye da 40,000 mazauni. Shekarun farko Sarkawa da Gungawa sun kama kifi ba kama hannun yaro, daga baya kamu ya ja baya. Shi ya sa yanzu waɗansu mutanen Yelwa da Wara da Shanga, manoma da 'yan kasuwa har da ma'aikata, su ke kiwon tarwaɗa a tankin siminti cikin gida. To, tanki kuwa ya kan tsage. Ran da ya fara yoyo, alhali akwai kifin wata uku a ciki, tilas a kwashe su a gyara. A nan ne mutum ya kan yi hasarar jarinsa cikin dare ɗaya.

Dalilin Ajiye Tsohon Ruwa

Kifi ba ya son a sauya masa ruwa farat ɗaya. Ya saba da zafin ruwan da ya ke ciki, da ɗanɗanonsa. In an ɗauke shi aka jefa cikin baƙon ruwa, sai ya gigice, ya ƙi abinci, cuta ta sami ƙofa. Saboda haka a ke ajiye wani kashi na tsohon ruwa, a zuba kifin ciki.

Amma ba dukan ruwan a ke ajiyewa ba. Tanki mai tsawon mita 3, faɗi 2, zurfi 1, ya na cin lita 6,000, watau ganga 30 mai lita 200. Wa ke da ganga 30? Kuma ruwan ƙasan tanki duk kashin kifi ne da ragowar abinci. A ɗebi na sama tun ba a tsunduma raga ta dama shi ba, iyakar wanda zai ishi kifin zama. Sauran a kai wa ayaba ko albasa, taki ne mai kyau.

Abin Zuba Ruwa

Nan ne babban haɗari. Ƙasarmu ƙasar shinkafa da albasa ce, kusan kowane gida akwai jarkar maganin ciyawa ko na ƙwari, akwai ta man injin jirgi. Roba ta kan sha magani ta riƙe, ko an wanke ta sau goma. Wanda ya taɓa ganin yadda Gamalin ke juya cikin kifi sama, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Shuɗiyar ganga ta kasuwa ma, in ba a san abin da ta ɗauko ba, a bar ta. A nemi tankin roba na ruwan sha, ko gangar da aka tabbata abinci kaɗai ta taɓa ɗauka, ko a kafa tamfol a kan katako. A wanke da gishiri da ruwa zalla, ban da sabulu, ban da omo.

Mai faɗin baki ya fi mai zurfi, gama ta fuskar ruwa iska ke shiga. Kada a toshe bakin. A rufe da raga, a ɗaure. Raga ta na hana tarwaɗa tsalle, ta na kuma hana yara ƙanana faɗawa. Gangar da babu kifi ciki a rufe ta da gidan sauro. A ajiye duka a inuwa. Tarwaɗa ta fi jin daɗi a zafin digiri 26 zuwa 30, ruwa kaɗan kuwa da wuri ya ke ɗaukar zafin bazara, da wuri ya ke ɗaukar sanyin daren hunturu.

Kwasar Kifi

A hana su abinci yini guda da kwana guda kafin kwasa, domin su zubar da abin da ke cikinsu tun a tsohon tanki. A kwashe da sassafe, a ware manya dabam, ƙanana dabam, don tarwaɗa mai yunwa ba ta san ɗan'uwa ba. A narka gishiri kamar giram 400 cikin kowace lita 200, ya na rage musu wahala.

Tarwaɗa da ramboshi su na iya leƙowa su shaƙi iska a sama, saboda haka a bar fili kamar taƙi ɗaya tsakanin ruwa da raga. Karfasa ba ta da wannan baiwa. Ita sai an riƙa ɗiban ruwan da kwarya a na zubowa daga sama, ko a sa injin busa iska, musamman da asuba.

Tsohon ruwa ba ya daɗewa. Kifi na fitar da wata guba ta bakin ƙunnensa da kashinsa, masana na kiranta amoniya, a ƙaramin wuri kuwa nan da nan ta ke taruwa. Ruwa ba ya tsami banza: in ya yi kumfa, ko wari, ko kifi ya tsaya tsaye ya na lilo, a zubar da rabi a ƙara sabo. Ko bai nuna ba, a sauya kashi ɗaya cikin uku kowace rana, a rage abinci ƙwarai. Da haka, kafin a gama gini, kifin ya saba da sabon ruwa a hankali.

Sabon ruwan ma da sharaɗinsa. Na famfo ya kwana biyu a buɗe, maganin da ke ciki ya fita. Na rijiyar burtsatse ba shi da iska sosai, a watsa shi daga sama. Na tafki a tace da ƙyalle saboda matsattsaku da 'ya'yan kifin dawa, in kuwa lokacin farin ruwa ne, wajen Agusta zuwa Oktoba, a bari laka ta kwanta.

Sabon Siminti

Magini ya ɗauke cebur ba shi ne an gama ba. Sabon siminti na sakin kaifi irin na ruwan toka, mai ƙona fatar kifi. Abin da ya fi muni, wannan kaifi na ƙara wa amoniya dafi. Wanda ya juye tsohon ruwa da kifi cikin ɗanyen tanki ya gama guba biyu wuri ɗaya. A cika tankin, a bar shi kwana uku ko huɗu, a zubar, a goge bango, a sake cikawa, har mako biyu ko fiye. Mai takardar awon ruwa ya duba, ya ga ta tsaya tsakanin 6.5 da 8.5. Wanda ba shi da ita ya saki kifi biyar su yi kwana biyu. Sai an gwada a kan san na ƙwarai. In sun ci abinci lafiya, a mai da sauran da sassafe, a na gauraya musu ruwan tankin kaɗan kaɗan kafin a sake su.

Wanda ya sami hali, ya dakatar da gyara har ya sayar da kifi, ya fi kwanciyar rai. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi Malamin Gona na yankinsa, ko ma'aikatar binciken kifi ta Gwamnatin Tarayya da ke New Bussa. Allah ya ba mai kiwo sa'a, amin.