Shida Ta Ƙi Fitowa: Gaskiya da Ƙarya a Kan Ɗan Lido

A kowace fadar samari ta Madawa, Buza ko Keita, in aka shimfiɗa allon lido kusa da butar shayi, ba a daɗewa sai wani ya ce, "Bari ka gani, aboki, yanzu shida za ta zo, ai ta daɗe ba ta fito ba." Wani ya rantse an yi wa ɗan lidon wani abu. Masu bugawa a waya kuma su ce Ludo King na da 'yan lelenta. Ba duka maganganun nan ne ƙarya ba. Sai dai wadda aka fi amincewa da ita ita ce ta fi rashin tushe.

Ɗan lido, ɗan dunƙulen nan mai fuska shida, ba ya riƙe lissafin abin da ya wuce. A kowace jifa damar shida ɗaya ce cikin shida, ko an samu shida yanzu-yanzu, ko an yi jifa ashirin babu ita. Da yawa suna ɗauka wanda ya jefa sau shida dole ya ga shida ko sau ɗaya. Ba haka ba ne. Damar rasa ta a jifa ɗaya biyar ce cikin shida, in kuma aka ninka wannan a kansa sau shida sai a samu kashi 33 da rabi cikin 100. Wato cikin 'yan wasa uku, ɗaya zai yi jifa shida bai fita daga gida ba. A jifa goma ma kashi 16 na nan zaune suna kallon abokansu na zagaya allo. Babu sammu a ciki, babu baƙin jini.

Masu kuɗin Turai sun sha wannan ruɗin. A watan Agusta na 1913, a gidan cacar Monte Carlo, ƙwallon faifan rulet ya faɗa kan baƙi sau 26 a jere. 'Yan caca suka yi ta zuba kuɗi a kan ja, suna cewa lokacinsa ya yi, suka yi asarar miliyoyin faran.

Inda ake wasa da 'yan lido biyu, kamar yadda aka saba a wurare da yawa a Najeriya, akwai wani kuskuren mai kama da gaskiya. Ana cewa ɗaya cikin shida da ɗaya cikin shida sun zama ɗaya cikin uku. Amma 'yan lido biyu na iya faɗuwa ta hanya 36, kuma 11 kaɗai ke ɗauke da shida, saboda shida-da-shida hanya ɗaya ce, ba a ƙirga ta sau biyu. Kusan kashi 31 ke nan, ba 33 ba. Masu cewa jimlar bakwai ta fi kowace zuwa kuwa sun yi gaskiya: hanya shida ke kai wa ga bakwai, hanya ɗaya tak ke ba da biyu ko sha biyu. 

Irin wannan ɗan bambancin ne ya haifi ilimin lissafin dama. Wani Bafaranshe, Chevalier de Méré, ya san cewa neman shida a jifa huɗu da ɗan lido ɗaya na da riba, don damar ta kusa kashi 52. Neman shida-da-shida a jifa 24 da 'yan lido biyu kuwa kashi 49 ne kawai, ko da yake a ido su biyun kamar ɗaya suke. Tambayoyinsa na caca suka kai ga Blaise Pascal, wanda ya yi musayar wasiƙu da Pierre de Fermat a 1654.

To mai cewa ɗan lidon ba daidai yake ba fa? Nan yana da abin kamawa. A 1894 wani masanin Ingila, Walter Weldon, ya jefa 'yan lido 12 har sau 26,306 yana rubuta sakamako. Biyar da shida suka fito kashi 33.8 cikin 100, alhali lissafi ya ce 33.3. Bambancin kaɗan ne, amma a jifa masu yawa haka ba a kiran shi sa'a. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne ɗigon da ake haƙawa a jikin ɗan lido mai araha: fuskar shida ta fi rasa nama, fuskar ɗaya da ke bayanta ta fi nauyi. Don haka gidajen caca na Amurka ke amfani da 'yan lido masu kaifin kusurwa, waɗanda aka cike ɗigonsu da abu mai nauyi ɗaya da jikinsu. Na robar da ake saye a kasuwar ƙauye bai samu wannan kulawar ba, balle in gefensa ya cinye. Duk da haka karkatar ba ta isa a gane ta a hirar dare ɗaya ba.

Hannu ya fi roba haɗari. Mai wayo kan ajiye shida a sama ya silalo ɗan lidon a kan allo ba tare da ya mirgina ba. Amfanin ɗan gwangwanin da ake girgizawa ke nan, kuma wanda ya ce a dawo da shi ba rigima yake nema ba.

Lido kansa an yi masa rajista a Ingila a 1896, daga wasan pachisi na Indiya, wanda da wuri ake jefa shi, irin wurin da ya taɓa zama kuɗi a ƙasar Hausa. Wanda ya ɗauka wuri rabi da rabi yake faɗuwa kamar kwabo ya yi kuskure, don bakinsa da bayansa ba siffa ɗaya ba ce.

Akwai wasannin da suka fito da lissafin fili. A Call of Cthulhu, wasan ban tsoro na zaman tebur da kamfanin Chaosium ya fitar a 1981, wanda Sandy Petersen ya tsara daga labaran H. P. Lovecraft, mutum ɗaya ke ba da labari, sauran su zama masu binciken abubuwan ban firgici. Ana jefa 'yan lido biyu masu fuska goma, su ba da lamba daga 1 zuwa 100. Wanda gwanintarsa ta buɗe makulli 50 ce, sai ya samu 50 ko ƙasa ya tsira. A bugu na bakwai an kawo ɗan lidon garaɓasa: a jefa na gomomi sau biyu, a ɗauki wanda ya fi kyau. Wasu 'yan wasa na zaton ƙari ɗaya yake yi wa kowa. A'a. Mai 50 ya koma 75, mai 10 ya koma 19, mai 90 ya koma 99. Na tsakiya ne ke cin moriyar. In kuma na ladabtarwa aka ba shi, inda ake ɗaukar mafi muni, mai 50 ya faɗo 25.

Sauran batun waya. Ludo King, wadda kamfanin Gametion na Indiya ya fitar a 2016, ta sha zargin cuta, hujjar kuma yawanci ita ce abokin karawa ya samu shida sau uku a jere. Damar haka ɗaya ce cikin 216, fadar da ke wasa kullum kuwa tana yin dubban jifa a mako, don haka rashin ganin ta ne zai zama abin mamaki. Mutum kuma ya fi tuna shidar da aka cinye shi da ita a kan wadda ya ci da ita. Mai son kama ɗan lido, na roba ko na waya, sai ya ɗauki takarda ya rubuta jifa 600. Ana sa ran shida wajen 100. Daga 82 zuwa 118 abu ne da ɗan lido mai gaskiya ke bayarwa kusan sau 19 cikin 20. In ya ga 140 ko 60, ya kawo takardar fada a duba.