Titin Tarayya da Hanyar Jiha a Adamawa

Mazaunin Nassarawo a Jimeta yana cin moriyar hanyoyi iri biyu, ko da bai taɓa barin gari ba. Akwai babban titin gwamnatin tarayya, kamar wanda ya haye gadar Binuwai ya bi ta Girei, Song, Gombi da Hong har Mubi, ko wanda ya nufi Numan da Gombe. Akwai kuma hanyar jiha da ke ɓallewa daga jikinsa ta shiga karkara, irin ta Pella zuwa Maiha, ko wadda ta bi ta Kiri ta kai Shelleng.

Wajen ɗaukar kaya, titin tarayya ne babba. Tankokin mai, tirelolin siminti, sukarin Savannah na Numan da shanun kasuwar Mubi masu tafiya Kudu duk a kansa suke bi, kuma da ya lalace sai farashi ya tashi a kasuwar Jimeta. Hanyar jiha kuwa lodinta kaɗan ne: a-kori-kura cike da masara, babur da buhun wake biyu, motar haya da ta ɗauko mai naƙuda zuwa asibiti. Sai dai hatsin da tirela ke lodi a bakin kwalta, yawanci ta wannan siririyar hanya ya fito.

Wajen gyara, titin tarayya yana da babban uban gida, amma yana nesa. Ma'aikatar ayyuka da hukumar FERMA, wadda aka kafa a 2002, suna kula da titunan tarayya kusan kilomita 35,000, don haka kukan direban tashar Jambutu yakan daɗe a layi kafin a ji shi a Abuja. Mai hanyar jiha kuwa yana kusa, ga fadar gwamnati nan a Dougirei, ga ɗan majalisa da ake haɗuwa da shi wurin ɗaurin aure. Amma aljihun jiha ƙarami ne, ƙananan hukumomi 21 ke jiransa, gadojin sama na cikin Jimeta ma suna cin nasu kason. Shi ya sa Adamawa ta shiga shirin RAMP na Bankin Duniya domin hanyoyin karkara.

Damina ce ke nuna bambancin sosai, musamman a shekarun ambaliya irin 2012 da 2022, lokacin da aka sako ruwan madatsar Lagdo daga Kamaru. Idan ruwa ya cinye kwalbati a titin tarayya, ran nan labari zai cika rediyo, a turo ma'aikata. Idan a hanyar jiha ne, gari guda na iya zama a yanke har kaka, 'yan sari su sayi amfanin gona yadda suka ga dama, malamin makaranta ya daina zuwa.

Saboda haka a ganina hanyar jiha ta fi buƙatar mai kare ta. Ya kamata majalisar dokokin Adamawa ta ware kuɗin share magudanai da cike ramuka duk shekara, a kuma sake su tun watan Maris, kafin ruwan farko ya sauka.